Shinkafa da hatsi a Maradi: ƙwaron da ake gani da gubar da ba a gani

A kasuwannin Maradi, Tibiri da Jiratawa, mai sayen shinkafa ko wake yakan fara ne da cusa hannu cikin buhu, ya ɗebo ya duba. In ya ga ƙwaro ko gari a ƙasan tafinsa, ciniki ya lalace. In bai gani ba, sai ya biya. Wannan ɗabi'a ce ta koya wa wasu masu ajiyar kaya cewa ƙwaro na karya farashi, amma maganin da ke kashe shi ba ya karyawa, tunda ido ba ya ganinsa.

Ƙwaron shinkafa ba lallai daga sito yake shiga ba. Macen takan huda ƙwayar, ta saka ƙwai a ciki, ta toshe. Cikin zafi, kimanin wata guda ya isa sabon ƙwaro ya fito. Don haka buhu na iya barin masana'anta a ɗinke, da tsabta a ido, ya iso Maradi yana motsi. Galibin shinkafar da ake ci a Nijar daga waje take zuwa, kuma tun da iyaka da Benin ta rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kayan da suka saba bin Kwatano suka koma bin Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kwanakin da buhu ke yi cikin zafin mota sun ƙaru.

Sai dai ƙwaro shi ne ƙaramar matsalar. Ana iya shanya hatsin, a bakace, a wanke. Abin tsoro shi ne abin da ake zubawa don hana shi. Piya-piya, wanda sinadarinsa shi ne dichlorvos, ba a yi shi don a yayyafa kan abincin da za a auna gobe ba. Saboda ragowarsa ne Tarayyar Turai ta haramta shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa. Tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, hanyar da wake ke bi ita ce magani ma ke bi. Ƙwayar Phostoxin kuwa iska mai guba take saki. Aikinta na sito ne rufaffe, a hannun wanda ya ƙware. A ɗakin da ake kwana tana iya kisa.

Akwai kuma fumfuna. Masara da gyaɗar da aka ɗure ba su gama bushewa ba, ko suka jiƙe a sito, sukan haifar da gubar aflatoxin, wadda ke jawo kansar hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da ita. A Kenya ta kashe mutum 125 a 2004. Garin da ya ga ambaliyar ƙarshen Agustan 2024 bai kamata ya ɗauki jiƙaƙƙen sito da wasa ba.

Abin takaicin shi ne maganin ƙwaro marar guba a nan gida aka gwada shi. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, aikin jami'ar Purdue ta Amurka ne tare da masu bincike na INRAN a Maradi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, kuma an fara yaɗa shi a 2007. In an ɗaure shi da kyau, ƙwari na cinye iskar ciki su mutu. Amma ya fi buhun gargajiya tsada, kuma ba ya busar da hatsi mai laima. Mai kwano a kasuwa kuma ba ya ƙara ko dala don an ce masa waken nan ba magani. Nan lissafin ɗan kasuwa ke karkata ga kwalba.

Hukumomi sun fi mayar da hankali kan farashi da wadatar kaya, kamar hana fitar da hatsi da aka yi a Oktoban 2024. Wannan ya dace, amma hatsin da aka tsare a gida yakan daɗe a sito, kuma daɗewar ce ke kiran magani. Dokoki na nan: kwamitin CSP na ƙasashen Sahel ke tantance magungunan ƙwari, akwai hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya da ɗakin gwaji na LANSPEX. Gibin yana wurin awo. Da zarar an farke buhu ana sayarwa tiya-tiya, sunan kamfani da kwanan wata sun tafi, kuma talaka a tiya yake saye.

Masu turo kuɗin cefane daga Libiya, Aljeriya ko Faransa sukan tambayi farashin buhu kawai. Ya kamata su ƙara da wasu tambayoyi: yaushe aka ɗure shi, ɗinkin bakin na kamfani ne ko an sake shi, kuma in an buɗe, warin hatsi yake yi ko na magani?