Sarƙewar Wasan Kwamfuta: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A tsakanin masu buga wasannin kwamfuta akwai ra'ayin da ya samu gindin zama, wai da zarar hoto ya fara tsayawa yana fizga, to katin hoto ne ya gaza, wato na'urar da ke zana abin da ake gani a allo, kuma ba shi da magani sai a sayi sabo. Wannan ra'ayi kuskure ne mai tsada, domin yana sa matashi ya kashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa a kan ɓangaren da sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Abin da ake kira FPS shi ne adadin hotunan da kwamfuta ke zanawa a daƙiƙa ɗaya, kuma idan ana son 60, dole kowane hoto ya kammala cikin kusan kashi 17 daga cikin 1,000 na daƙiƙa. Kafin katin ya zana komai, sai furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta lissafa motsi ta miƙa masa umarni, saboda haka idan ta makara, katin zai zauna yana jira komai ƙarfinsa. Gane wannan ba ya cin ko sisi: manhajoji na kyauta irin su MSI Afterburner da HWiNFO suna nuna yawan aikin kowane ɓangare da zafinsa ana cikin wasa. Idan aikin katin yana wajen kashi 97 zuwa 99 cikin 100, shi ne ya kai maƙura; idan kuwa yana ƙasa sosai, ko aka rage girman hoto amma FPS bai ƙaru ba, laifin yana wani wurin.

Babban abin da masu wancan ra'ayi ke kau da kai daga gare shi shi ne zafi. An ƙera furosesa ta rage gudunta da kanta idan ta kusa ƙonewa, yawancin na Intel a wajen digiri 100, na AMD Ryzen 7000 a digiri 95, kuma katin hoto ma haka yake yi. Alamarsa a fili take: wasa ya fara lafiya lau, bayan 'yan mintuna ya soma ja da baya. A Kano da Sakkwato da Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, fankar kwamfuta iska mai zafi take shaƙa tun farko, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe ƙofofin iska, ga man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, wanda a kwamfutocin hannu na biyu yakan bushe ya daina aiki. Sabon kati mai ƙarfi a cikin irin wannan akwatin kwamfuta ƙarin zafi kawai zai kawo.

Akwai wasu dalilan da ba su kai wannan nauyi ba, kamar kwamfutar tafi-da-gidanka da ke rage ƙarfinta idan aka ɗauke wuta ta koma kan batir, ko sanda ɗaya ta RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi, maimakon biyu masu aiki tare.

Gaskiya ne kati yana tsufa, kuma wanda ma'ajiyarsa ba ta wuce gigabait 4 ba zai sha wahala da manyan wasannin yanzu. Amma wannan hukunci ne da ake yankewa bayan awo. Duk mai gyaran da ya ce a sauya kati alhali bai duba zafi ba, bai buɗe akwati ya kakkaɓe ƙura ba, bai cancanci a ba shi amanar kwamfuta ba.