A Fara da Tsofaffin da Aka Tasa Daga Garuruwansu

Duk lokacin da aka ɗauko zancen yawon buɗe ido a Zamfara, sai a lissafo dutsen Kwatarkwashi da madatsar ruwan Bakolori, a ƙara da dajin Kuyambana. Mu na yammacin jihar ba a cika tunawa da mu ba, in ba an zo kan gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta kashe yara fiye da 400 a su Bagega, Dareta da 'Yargalma, ko kisan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Alhali a Anka sarautar Zamfara ta yada zango. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna nan, kuma Sarkin Zamfaran Anka ne shugaban majalisar sarakunan jihar. Gummi ta Sarkin Mafara kuwa, ita ta haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987.

Ni ban ce a kawo baƙi yanzu ba. Wa zai bi da baƙonsa hanyar Daki Takwas da la'asar sakaliya? Damuwata ita ce, tarihinmu a kawunan mutane yake, mutanen kuma 'yan bindiga sun tashe su. A wani sansanin gudun hijira a Anka na zauna da wata tsohuwa tana tsince wake a faifai. Ta jero mini tafkunan garinsu, da wanda ake su a cikinsa bayan kaka, da gidan da ke riƙe da sarautar Sarkin Ruwa. Jikarta na gefe tana saurare. "Ɗan nan," in ji tsohuwar, "wannan ko ƙofar garin ba ta sani ba."

Aikin adana wannan tarihi ba ya jiran tsaro ya dawo, tunda tsofaffin suna cikin gari. Jami'ar Tarayya ta Gusau na da ɗalibai, kowannensu da waya a aljihu. A turo su lokacin hutu su naɗi muryoyin makaɗan fada, maƙera, ungozomai da masuntan Gulbin Zamfara, a ajiye kwafi a fadar Anka, da ta Gummi, da ta Bukkuyum. Kuɗin motar kwamishina guda ya isa, har da canji.