Kira ga Mahukuntan Jihar Kebbi a kan 'Ya'yan Kurgu Masu Neman Ilimin Kwamfuta

Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu. Mai Martaba Sarkin Gwandu, Allah ya ja zamanin Sarki. Mai Girma Kwamishinan Ilimi Mai Zurfi da Shugaban Ƙaramar Hukumar Bagudo. Ina rubuto wannan kira ne daga Kurgu a madadin iyayen da 'ya'yansu suka ɗora rai a kan karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a. Na zaɓi in yi shi a bainar jama'a domin kukan ba na gida ɗaya ba ne. Ana yin irinsa a Illo da Lolo da Tsamiya da Kaoje.

Jami'o'i kam muna da su, kuma mun gode. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero tana nan tun 2006, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tun 2013, kuma dukkansu suna koyar da wannan fanni. Damuwarmu ita ce yaron bakin iyaka yakan sha kaye tun kafin ya kai ƙofarsu.

Ranka ya daɗe Gwamna, kai malami ne, ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa baki ɗaya, don haka ba sai an yi maka dogon bayani ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta. Yaranmu da yawa kuwa ba su taɓa ɗora yatsa a kan na'urar ba sai ranar da suka zauna gabanta a ɗakin jarrabawa, bayan tafiyar da ta cinye kuɗin mota da na makwanci. Na ga yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya fi kowa lissafi a ajinsu, ya dawo gida yana hawaye. Tambayoyin ba su gagare shi ba. Lokacinsa ne ya ƙare yana kokawa da linzamin kwamfuta. A makaranta an zana masa hoton na'urar a allo da alli, ya haddace sunayen sassanta, aka ba shi maki. Muna roƙon a kafa ɗakin kwamfuta mai aiki a manyan sakandaren wannan ƙaramar hukuma, a haɗa shi da wutar sola, domin rana ce kaɗai ba ta yi mana rowa a nan. A kuma ɗora wa wani malami takamaimai alhakin buɗe shi kullum. Ɗakin da aka garƙame da kwaɗo, ba a share shi sai ranar da baƙi za su zo, ba shi muke roƙo ba.

Sai batun malamai. Ba a ba da gurbin kimiyyar kwamfuta sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks. Malamin fiziks kuwa idan aka turo shi ƙauye, sau da yawa ba ya cika zango biyu ya nemi canji zuwa birni, kuma ba na ganin laifinsa. A ware alawus na musamman ga malaman kimiyya da suka yarda su zauna a bakin iyaka, a ba su muhalli, za su zauna.

Wanda ya tsallake waɗannan ramuka ya shiga jami'a, wani ramin ya tare shi. Ɗan ƙanina yana aji biyu a wannan fanni. Shekararsa ta farko gaba ɗaya a littafi yake rubuta manhaja da biro, sai abokin ɗakinsa ya yi barci sannan ya ari kwamfutarsa ya gwada ko abin da ya rubuta zai tashi. Wannan ilimi irin na saƙa ne da ƙira, a hannu yake zama. Dole ɗalibi ya rubuta, na'ura ta ƙi, ya nemo kuskurensa, ya sake. Mun yaba da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta tare da naira dubu 20 a wata. To amma abinci da takardu sukan lashe wannan kafin wata ya raba, ba ta yadda za a tara kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da 'yar Kwatano ce. Ƙanin nawa manomin shinkafa ne a fadamar Kwara, sai da ya sayar da buhunan da ya tanada na ci kafin ya saya wa ɗansa kwamfutar. Mai Girma Kwamishina, muna roƙon hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ta sanya kwamfuta cikin abin da take ba duk ɗalibin wannan fanni da iyayensa ba su da hali, ko da rance ne da zai biya bayan ya kama aiki.

Ga hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, kukanmu na sabis ne. A wasu ƙauyukanmu waya ta fi saurin kama layin Jamhuriyar Benin a kan na gida, kuma ɗalibi idan ya zo hutu sai ya hau tudu kafin ya tura aikin da malaminsa ya ba shi. Hukumar tana da asusun USPF, wanda aka kafa domin kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa hangen riba. Idan ba don irinmu aka yi shi ba, don wa? Muna roƙon Gwamna da wakilanmu a Majalisar Tarayya su kai sunayen ƙauyukan nan teburin hukumar, su kuma bi sawu. Haka shirin horar da matasa fasahar zamani na 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa, wanda aka ƙaddamar a 2023, ba zai amfani wanda ba shi da intanet ba.

Akwai wani abin da nake fata mahukunta su dube shi da idon basira. Yaron wannan yanki yana tashi da Hausa da Dandanci ko Fulatanci, wani har da ɗan Faransanci, yana lissafin naira da sefa a ka tun yana tallan kasuwar Lolo. Hatsi da albasa da shanu suna ratsa nan zuwa Segbana, aikin kwastan da na biyan kuɗi kuma duk sun koma kan na'ura. Wa ya fi cancanta ya riƙe waɗannan ayyuka? Amma idan lokacin koyon aiki na wata shida ya zo, wato SIWES, ɗalibinmu sai ya nufi Abuja ko Kaduna in yana da mai masauki, in ba shi da shi ya nemi inda za a buga masa hatimi kawai ya zauna gida. Ranka ya daɗe Shugaban Ƙaramar Hukuma, sakatariyarka da asibitocinmu cike suke da takardun da ke jiran a shigar da su kwamfuta. A karɓi waɗannan ɗalibai, a ba su ɗan abin sabulu, su yi aikin.

Allah ya taimaki Sarki, namu roƙon gare ka na 'yan mata ne. Da wuya uba a nan ya saki 'yarsa ta tafi Aliero shekara huɗu, amma idan magana ta fito daga fada ta biyo ta bakin hakimai da limamai, zai saurara.

A farkon shekara ake buɗe rajistar JAMB. Muna roƙon kafin ta gaba ta zo, a ce ko ɗaki ɗaya ya fara aiki a ƙasar Bagudo, inda 'yan aji shida za su riƙa zuwa suna koyon riƙe linzami.