Jinin Malamin Maga Da Sar Arha

Jama'ar kara da ta ruga, a gafarce mu, yau maganar ba ta da daɗi.

Da asubahin Litinin 17 ga Nuwamba 2025, 'yan bindiga suka faɗa makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta Jihar Kebbi. Suka kwashe ɗalibai 25. Mataimakin shugaban makarantar, Malam Hassan Yakubu Makuku, bai ba su kai ba, sai suka harbe shi har lahira a harabar makarantar. Allah Ya jiƙansa. Mutumin da alli ne makaminsa shi ya tsaya, alhali gwamnan jihar, Nasir Idris, da bakinsa ya ce an janye sojoji daga wurin kafin a kawo harin. Sai mu ce, wa ya ba da wannan umarni?

To, amma ba gwamnati kaɗai za mu tuhuma ba. Labarin ya iso mana har nan Abidjan. A tashar Bassam ta Treichville da rumfunan Adjamé, da an ambaci ta'asa irin wannan sai ka ji an ce "aikin Fulani ne", mu kuma mu yi tsalle mu ce ba mu ba ne. Gaskiya ne. Wanda ya ɗauki bindiga ya shiga ɗakin kwanan 'ya'yan mutane ba makiyayi ba ne, ɓarawo ne, kuma kafin ya kai ga makaranta garkenmu ya fara korewa. Mun kuma san abin da kuɗin goro ke jawo wa mai sanda, mutanenmu na Bouna sun ɗanɗana a 2016.

Sai dai wai shin da me ɓarawon nan yake sayen harsashi? Daga cikin hanyoyinsa akwai kuɗin shanun sata. Su kuwa shanun ba a daji ake cinye su ba. Kara ake kai su, wani dillali ya kama igiya, wani falke ya biya, wani fatoma ya kau da kai saboda la'ada. Sa ya zo maka a rabin kuɗinsa, ba takarda, ba wanda ya san rugar da ya fito, ka ce wai sa'a ka taka? Haba Alhaji! Malami ya ba da ransa saboda 'ya'yan da ba shi ya haifa ba, kai kuwa ka kasa haƙura da ribar sa ɗaya.

Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya a Nijeriya, muna ta kukan a turo wa 'ya'yanmu malamai. Wane malami ne zai yarda ya tare a bakin daji bayan abin da ya faru a Maga?

Don haka muna kira ga sarakunan kara, daga Abidjan har Kebbi, kada a ɗaure dabbar da ba ta da shaidar arɗo ko ta hukuma. Dillalin da aka kama da ta sata a kore shi daga kara, a kuma miƙa sunansa ga 'yan sanda, ko da ɗan ɗakinmu ne.