Mushe, wa ya koro ka?

Talatar da ta wuce a Dogo na wayi gari, wajen ta'aziyya. Bayan an sallame sallar asuba ina zaune ƙofar gida, sai ga wani saurayi, malamin lakkol, ya miƙi hanyar Magarya da gudu. Samarin da ke bakin titi suka kwashe da dariya, ɗayansu ya ɗaga murya: "Mushe, wa ya koro ka?" Tun ranar maganar nan take cina.

Da ya dawo, zufa sharkaf, na kira shi. Ya rusuna ya ce, "Baba, gudun kilomita 21 nake shiri, rabin gudun fanfalaki." Na ce ga aji, ga gona, ga iyali, ina ya samo lokaci? Ya ce sau uku kawai yake fita a sati. Talata da Alhamis minti 40, ɗaya a hankali, ɗaya da ɗan sauri. Lahadi ita ce doguwa: da kilomita 6 ya soma, kowane sati yana ƙara ɗaya, yanzu ya kai 14. In gwiwa ta yi ƙara ya huta, ba ya gardama da jiki. Ruwa ya sha kafin ya fita, ya sha in ya dawo, kuma rana ba ta taɓa samun shi a hanya. Da muka lissafa, satin duka bai ci mishi awa huɗu ba.

Awa huɗu! Zaman fada guda, daga dafa shayin farko zuwa na uku, ya lashe fiye da haka. Masu dariyar nan su ne gobe za su ce maka ba su da lokaci. Ƙarya ce. Kunya ce ta ɗaure su, kuma suna so ta ɗaure wanda ya kuɓuta.

Na san akwai zafin bazara da tsadar takalmi da cimar da ba ta isa, amma wanda ya fita da asuba ya riga zafi tashi. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya cinye gudun Rum a 1960, ko da yake ban ce kowa ya taka ƙarangiya da ƙafa ba. Mu ma muna da namu: Abdu Manzo ya ɗauki tutar Nijar a gudun fanfalaki na wasannin Olamfik a 1988 da 1992 da 1996. Yara nawa a Damagaram suka taɓa jin sunansa?

Ga kuma tsohon kukana. Tun 1975 muke tattalin gasar Takobin kokawa, ina kuwa son kokawa kamar kowa, amma duk abin da ba kokawa ba ne ko ƙwallo, sai a ce a tafi Yamai. Matasan unguwar Kara-Kara da siminti da ƙarfen bola suka haɗa wa kansu kayan ɗaga nauyi. Ƙarfin yana nan, mai jan gaba ne babu.

Magajin garin Dogo, ranka ya daɗe, gudu ba ya son fili mai katanga. A auna kilomita 21 bisa titi, a sa ranar Lahadi guda cikin Disamba lokacin sanyi, a aje randunan ruwa da ma'aikacin lafiya, a sanar wata uku kafin ranar don kowa ya shirya. Ku kuma samarin bakin titi, Lahadi mai zuwa ku bi bayan mushe ko da kilomita biyu ne.