Mulhidi, mai shakka da mai zagi: me ya sa muke zuba su a kwando ɗaya?

Ka san yadda abin yake farawa. Kana kwance da daddare, data ta kusa ƙarewa, sai wani ya jefo hoton rubutun wani a zauren WhatsApp, ya ɗora da cewa: "Jama'a ku ga abin da wannan yaron yake faɗa." Kafin ka gama karantawa an samu mutum goma da suka la'ance shi, biyu suna tambayar unguwarsu, ɗaya kuma ya riga ya nemo hoton fuskarsa. Wanda ya tsaya ya tambayi me yaron yake nufi, shi ma sai a fara yi masa kallon ɗan uwansa.

Haka ta faru a zauren ajinmu a zangon karatun da ya wuce. Abin da yaron ya rubuta tambaya ce: in addu'a tana maganin 'yan bindiga, me ya sa ƙauyensu ya tashi? Bai ambaci Annabi ba, bai taɓa littafin kowa ba. Amma kafin gari ya waye sunansa ya koma "mulhidi".

Ni mai imani ne, kuma ban zo nan don in sassauta wa kowa addininsa ba. Abin da ya dame ni shi ne mun ɗauki mutum uku mun mayar da su ɗaya. Akwai wanda shakka ta kama shi, yana neman wanda zai amsa masa. Akwai wanda ya kai ga cewa shi bai yarda akwai Mahalicci ba, wannan shi ne mulhidi. Akwai kuma mai zagin abin da wasu suke girmamawa. Na ukun nan ba lallai ne ma ya zama mulhidi ba. Duba waɗanda shari'ar ɓatanci ta hau kansu a Kano: mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu da aka yanke wa hukuncin kisa a 2020, da Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara a 2022, babu wanda a cikinsu ya ce babu Allah. Deborah Samuel da aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayu, 2022, Kirista ce. A Tungan Magajiya aka binne ta, nan kusa da mu. Saƙon murya ne a zauren WhatsApp na 'yan aji, irin namu ɗin nan, ya zama sanadi. Sarkin Musulmi da kansa ya yi tir da kisan, amma je ka karanta abin da matasa suka riƙa rubutawa a Facebook a makon.

Mutum ɗaya da kowa ya sani a Arewa wanda ya fito ya ce shi bai yi imani ba shi ne Mubarak Bala, injiniya ɗan Kano. Labarinsa ya cancanci ka bi shi tun daga tushe, don mafi yawanmu ƙarshensa kawai muka sani. A 2014, da ya shaida wa danginsa cewa ya bar addini, sai aka kai shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya yi kwana 18. Ka lura da wannan. Danginsa ba su iya tunanin cewa mai cikakken hankali zai faɗi haka ba, don haka suka nemi likita. Daga gadon asibitin ya yi amfani da waya ya sanar da duniya, ƙungiyoyin waje suka shigo, yaron da ba wanda ya san shi ya zama labari a BBC. Daga baya ya zama shugaban ƙungiyar masu ra'ayin ɗan'adamtaka ta Najeriya.

Sai Afrilun 2020. Ya yi wasu rubuce-rubuce a Facebook da Musulmi suka ɗauka a matsayin ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), wasu lauyoyi suka kai ƙara, aka kama shi a Kaduna ranar 28 ga wata aka wuce da shi Kano. A Disamban shekarar Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a sake shi, ba a sake shi ba. A Afrilun 2022 ya amsa laifi a gaban Babbar Kotun Kano, aka ba shi shekara 24. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a Mayun 2024, kuma a farkon 2025 labari ya fito cewa ya shaƙi iskar 'yanci.

To a nan ne kowane ɓangare yake ɗaukar rabin da ya yi masa daɗi. Masu goyon bayansa sukan ce don ya bar addini aka ɗaure shi. Tuhumar da ke gaban kotu ba ta ce haka ba: cin zarafin addini da yunƙurin tada hankalin jama'a aka rubuta, ƙarƙashin dokar Penal Code ta Kano. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin tunani da addini, har da 'yancin sauya shi. Shekara shida ya yi yana yawo da ra'ayinsa a fili kafin a kama shi. Amma mu ma masu imani sai mu tambayi kanmu: da a ce a 2014 malami ne ya zauna da shi maimakon a ɗaure shi a gadon asibiti, anya zafin rubutunsa na 2020 zai kai haka? Wanda aka fara ce wa mahaukaci kafin a saurare shi, da wuya ya dawo da laushin harshe.

Bari in juya wajen 'yan uwanmu masu rubutu da sunan bogi, waɗanda wasu ke kira 'yan boko aƙida. Da yawanku ba tambaya kuke yi ba, dariya kuke yi. Kun kalli bidiyon Richard Dawkins guda biyu a YouTube, kun kwaso gardamar da aka gina don cocin Ingila, kun zo kuna kiran iyayenku tumaki. Dawkins a Oxford yake, in ya gama magana shayi zai sha ya kwanta. Kai kuma a ƙasar Zuru kake, inda a Maris ɗin 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe sama da 60. Matar da aka kawo mata gawar mijinta a ranar, ba ta da inshora, ba ta da likitan da zai lallashe ta. Masallaci ko coci ne suka tara mata hatsi, addu'a ce ta hana ta zarewa. In ka yi wa wannan addu'ar shaguɓe don ka samu mabiya, ba wayewa ka nuna ba, rashin tausayi ne.

Sai dai kuma, wallahi, daga irin wannan makokin ne shakkar take fitowa. Yaron ajinmu ba littafin Bature ya karanta ba. Garinsu ya gani an watse. Ya ga masu kisa suna kabbara, ya ga ɗan siyasar da ya cinye kuɗin asibiti yana Umara duk azumi, ko yana zaune a kujerar gaba ranar Lahadi. Wanda ya ga wannan ya yi tambaya, ba maƙiyin Allah ba ne tukuna. Mu ne za mu iya mayar da shi haka. Malaman da ba su gudun irin wannan. Har yau a wajen wa'azi ana ba da labarin yadda Imam Abu Hanifa ya zauna da masu musun Mahalicci ya kayar da su da hujja. Mukan ji daɗin labarin, mu yi kabbara, amma mu manta cewa sai da aka bar mutanen suka yi magana kafin a kayar da su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce mu 'yan Zuru ne muke wannan saurin. A gida ɗaya za ka samu Alhaji, ka samu fasto, ka samu kakan da bai bar al'adar gargajiya ba, kuma ranar Uhola kowa ya hallara. Kakanninmu Lelna sun sha jin kalmar "arna" daga bakin waɗanda ba su taɓa tambayar su me suka yi imani da shi ba, alhali sun san akwai Mahalicci, da sunansa a harshensu. Mun san ɗacin a laƙaba maka suna daga nesa. Mun iya zama da wanda yake kiran Allah da wani suna. Wanda ya ce bai tabbata ba, shi ne har yanzu ba mu san inda za mu ajiye shi ba, Musulminmu da Kiristanmu, don a wannan gaɓar bakinmu ɗaya.

Doka ma ba ta gama yanke magana ba. A Afrilun 2025 Kotun ECOWAS ta ce wasu sassan dokokin ɓatanci na Kano sun saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka, gwamnatin Kano kuma ta ce ba za ta janye su ba. Wannan gardamar manya ce, za ta ɗauki shekaru. Amma Deborah ba ta kai gaban alƙali ba. Tsakanin saƙonta da mutuwarta babu lauya, babu shaida, babu ɗaukaka ƙara, sai wayoyin 'yan ajinsu. Ko kana ganin dokar ɓatanci daidai ce, ko kana ganin a soke ta, hoton da ka tura tare da sunan unguwar mutum ba kotu yake zuwa ba, kuma kai ma ka san haka lokacin da kake dannawa.

Yaron ajinmu ya fita daga zauren a daren. Ya daina zama a inda muke zama, in an gama lacca sai ya bi ta ƙofar baya. Mun fi mutum 100 a zauren nan, cikinmu akwai masu jan salla da masu jagorantar addu'ar safe a coci, amma tambayarsa game da ƙauyensu ba wanda ya amsa. Ni ma ban ce komai ba a daren, tsoro ya hana ni. Lambarsa tana cikin wayata, kuma yau kwana uku ke nan ina rubuta masa saƙo ina gogewa.