Hunturu Ya Kama, Ɗalibai Na Shirin Makon Hausa: Ina Matsayinki, Uwargida?

Na san a wannan wata ana ta fama da man kaɗe da rigunan sanyi, domin da wuya a sami gidan da ba a jin tari ko mura. Allah Ya ƙara mana lafiya mai amfani, amin.

Bara war haka, bayan mun tashi daga darasi a ajin matan aure, wata ɗalibata ta tsaya har kowa ya watse. 'Yar Kurfi ce, aure ya kawo ta nan Dutsin-Ma, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta ce, "Malama, ina cikin tsaka mai wuya. Yarinyar nan tawa da ke aji biyu a babbar makaranta an zaɓe ta ta fito a wasan kwaikwayo na Makon Hausa, an kuma ce ta kawo kayan aikin mata na dā. Babanta ya ce shi karatu ya tura ta, ba wasa ba. Ita kuma kwana biyu ke nan tana kuka, ta ce malaminsu zai ba da maki a kai."

Na tambaye ta, "To ke Hajiya, me kika gani?" Sai ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi Malama ni ko Makon Hausan ban san mene ne ba."

Wannan amsa tata ce ta sa na ɗauko maganar yau, don na tabbata ba ita kaɗai ba ce. Da yawanmu muna hanawa ba mu san abin da muka hana ba, wasu kuma suna sakin linzami ba su san inda aka nufa ba. Duka biyun hukunci ne a cikin duhu.

Mene ne ake yi a wurin?

Dutsin-Ma dai yanzu garin ɗalibai ne. Ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, wadda aka sa wa sunan Wazirin Katsina Alhaji Isa Kaita, ministan ilmi na Jihar Arewa a zamanin Sardauna. Ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. 'Ya'yanmu daga Kurfi da Safana da Ɗanmusa da Batsari da Kankiya nan suke tururuwa, wasu kuma suna Katsina ko Kano ko Zariya ko Sakkwato. Saboda haka ko taki 'yar ba ta kai ba tukuna, gobe tana tafe, in Allah Ya so.

A manyan makarantu ɗalibai suna da ƙungiyoyi, kuma kowace takan ware 'yan kwanaki a shekara don ta nuna abin da take yi. Na ƙungiyar Hausa shi ake kira Makon Hausa. Kowace makaranta da lokacin da take sa nata, amma idan ya faɗo cikin sanyi ya fi armashi, don babu ruwan saman da zai watsa taro, babu kuma zafin bazara. Lokacin da nake kwaleji, abin da na gani da idona shi ne: lacca daga wani masani, muhawara, kacici-kacici, gasar karin magana da karin harshe, gasar rubutacciyar waƙa, baje kolin abinci da tufafi da kayan aikin gargajiya, sai kuma wasan kwaikwayo. Wani lokaci ɗalibai ke rubuta nasu, wani lokaci su ɗauko daga littattafan da ake koyarwa, kamar Uwar Gulma na Mohammed Sada, ko Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda gargaɗi ne a kan masu kuɗin da ke hure wa 'yan mata 'yan makaranta kunne.

Ba ƙungiyar Hausa kaɗai ke motsi cikin sanyi ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954, ta saba shirya kwas ɗinta na hutu da aka fi sani da IVC a watan Disamba. Akwai kuma musabaƙar karatun Alƙur'ani, wadda ta ƙasa baki ɗaya ta faro a 1986 a ƙarƙashin Jami'ar Sakkwato, kuma 'yan mata suna shiga suna cin kyaututtuka. Wato dai ba kowane taron makaranta ne casu ba.

Hunturun iyayenmu

Uwargida, ki ɗan tuna baya. A ƙasar Hausa idan kaka ta wuce, an kai dami gida, rumbu ya cika, to lokacin ne jiki ke samun hutu. Lokacin ake bukukuwan aure, maza su yi dambe da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa a dandali. Da daddare kuwa sai a hura wuta a ɗakin tsohuwa, yara su kewaye ta suna jin ɗumi, tana kaɗi da mazari tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. A nan yarinya ke koyon cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ta koyi yadda ake gaida babba, ta koyi saƙar faifai da damun fura, ba tare da an ce mata zauna ga darasi ba. Hunturu makaranta ce, kuma mata ne malamanta.

Yau fa? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da an yi sallar isha'i, uwa na kan waya, 'ya na kan waya, ƙananan na gaban talabijin. Na taɓa tambayar 'yan matan ajina na yamma ko wa ta san abawa, aka rasa mai ɗaga hannu. Wata ta ce ko sunan mutum ne. Ba laifinsu ba ne, mu ne ba mu nuna musu ba.

To abin da muka bari ya faɗi a tsakar gida, shi ne ɗalibai ke ƙoƙarin tsincewa a dandamalin makaranta. Yarinyar da ta zo tana neman akushi da ƙoshiya da maburgi da taskira, kayan kakarta take nema. Idan muka kore ta da faɗa, za ta je ta samo a intanet, ko a bakin wanda bai san abin ba sai a takarda. Alhali ke da kika ga ana sussuka da casa da idonki, kin fi kowa cancantar ki gaya mata.

Inda tsoron iyaye yake da hujja

Kada a ce Malama ta wanke komai tas. Tsoron maigidan nan ba a banza yake ba, kuma ni ma na ga abubuwan da ban ji daɗinsu ba a irin waɗannan taruka.

Na farko shi ne dare. Sau da yawa shirye-shiryen rana lafiya lau ake yin su, gaban malamai da manyan baƙi. Ɓarnar tana daren rufewa, inda manya suka tafi gida, aka ɗauko kiɗan dije, maza da mata suka cakuɗe. Ban da wannan, mu mutanen yankin nan mun san abin da dare ke nufi a shekarun nan. Ba mu manta da watan Oktoba na 2023 ba, lokacin da 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata biyar daga gidan da suke haya a nan Dutsin-Ma. Uwar da ta ce 'yarta ta kasance a ɗaki kafin magariba ba ƙauyanci ta yi ba.

Na biyu shi ne abin da ake sakawa cikin buhun al'ada. Ba duk abin da kakanni suka yi ne abin koyi ba. A bayyana wa ɗalibai tarihin bori a lacca don su san abin da ya gabata, wannan ilmi ne. Amma a sa 'yarki ta hau dandamali tana kwaikwayon hawan iska, ko a sa ta ɗaurin ƙirji gaban maza da sunan shigar gargajiya, wannan kam ba da mu ba.

Na uku shi ne waya. A zamaninmu in an tashi taro ya wuce ke nan. Yau kowane hannu da kyamara, kafin yarinya ta sauko daga dandamali ta riga ta shiga TikTok da WhatsApp, kuma abin da ya shiga can ba ya gogewa. Wata rana mai neman aurenta ko danginsa su ci karo da shi.

Ma'aunin da za mu riƙe

Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa al'adar da ba ta ci karo da shari'a ba, ba a jefar da ita. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha (RA) ta kalli mutanen Habasha suna wasa da māsu a masallaci, Manzon Allah (SAW) yana kāre ta, har sai da ita da kanta ta gaji. Ki lura, 'yar uwa: ba a hana ta kallo ba, ba a kuma bar ta ita kaɗai ba. A nan ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan karkara ta hannun jajojinta na 'Yan Taru. Ashe waƙa da labari kamar wuƙa suke, abin da aka yanka da su shi ne abin dubawa.

Ga shawarwarina, in 'yarki ta zo miki da irin wannan magana:

1. Kada ki amsa a tsaye. Ki zaunar da ita, ki ce ta kawo miki takardar tsarin bikin: wace rana, ƙarfe nawa, a ina, wane malami ke kula da su.

2. In wasan kwaikwayo ne, ta karanta miki rubutaccen wasan tun daga farko har ƙarshe. Ki san matsayin da za ta fito, da abin da za ta sa, da wanda za ta tsaya kusa da shi. Ki tambayi lokacin bita ma, don bitar da ake yi a ɓoye ta fi ranar wasan buƙatar sa ido.

3. Ki kai wa maigida maganar da cikakken bayani, a lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban yara ba. Maza da yawa jin kalmar "wasa" kawai ke sa su ce a'a.

4. Ku gindaya sharuɗɗa tun da wuri: da rana, da sutura cikakkiya, ba rawa gaban maza, ba daren rufewa, kuma sallah ba ta jiran a tashi taro.

5. Da izinin maigida, ki je da kanki, ko ki tura yayarta ko gwaggonta. Yarinyar da ta san idon gida na cikin 'yan kallo, ko zamanta daban ne.

6. In maigida ya ji bayani ya ce bai yarda ba, to a bi umarninsa, kada a yi ta bayan fage. Yarinya ta sami malaminsu cikin ladabi ta roƙi a ba ta wani aikin, kamar rubutu ko baje kolin abinci. Hanyar shiga ba ɗaya ba ce.

Yadda ta kaya

Ɗalibar tawa ta bi wannan hanya. Ashe wasan a kan uwar da ke aurar da 'yarta don kwaɗayin abin duniya ne, kuma yarinyar uwar za ta fito, da zane da mayafi har ƙasa. Maigida ya sa aka karanta masa, ya yi shiru, ya ce a cire wani wuri da bai kwanta masa ba, kuma daren rufewa ko da wasa. Yarinya ta ɗan ɓata rai a kan daren, don ƙawayenta duk za su je, amma ta haƙura.

Kayan gargajiya kuwa sai da aka je Kurfi wajen kakar yarinyar. Tsohuwa ta ce ba ta ba da mazarinta aro, sai dai a tafi da ita. Haka aka ɗauko ta cikin hazon safiya, ta lulluɓa da bargo. Hajiya ta ce mini tsohuwar nan na zama kan tabarma ta fara murza mazari, sai ɗalibai suka yanyame ta, masu tambaya na yi, masu rubutu na yi, har malamai suka durƙusa suka gaishe ta. A hanyar komawa ta ce wa jikarta, "Ke da ke gidana duk hutu, ba ki taɓa tambayata ba sai da makaranta ta aiko ki?"

Wannan tambaya ta tsohuwa ba jikarta kaɗai ta yi wa ba, har da mu. Saboda haka ga aikin gida na wannan wata, tunda Malama ba ta tashi aji ba ta ba da aiki ba: ki zaɓi dare ɗaya a mako, a ajiye wayoyi, a dama kunun tsamiya mai zafi, ki tara yaranki ki ba su tatsuniya ɗaya da kika ji a bakin kakarki. In kin manta, ki je ki tambayo tun masu sanin suna raye. Ranar da 'yarki za ta tsaya gaban jama'a a kwaleji, sai ta faɗi abin da ta ji a ɗakin uwarta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mana su a makarantunsu da kan hanyoyinsu, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu da ƙasa baki ɗaya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko ta adireshin mujalla kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum.